Nissan Leaf da Ta Ƙi Tashi Bayan An Zuba Mata Gas ɗin Esi

Da janwe aka kawo motar gareji. Nissan Leaf ce ƙirar 2013, mai batir na kilowat-awa 24, cikin waɗanda aka haɗa a Smyrna ta jihar Tenesi a Amurka, ta shigo a tokumbo. Ƙaramin ajin ce da ake kira S. A dashbod, sandunan lafiyar batir tara suka rage cikin goma sha biyu.

Bayanin mai ita gajere ne. Yana cikin cunkoso da rana tsaka, sai fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton mota da alamar motsin rai ta kama. Motar ba ta tsaya ba, ba ta rage ƙarfi ba, ta kai shi gida lafiya. Da ya kashe ta ya dawo bayan la'asar, sai ta ƙi tashi. Dashbod na kamawa, rediyo na yi, gilasai na sauka, amma koriyar fitilar da ke nuna mota ta shirya tafiya ba ta fitowa, giya kuma ba ta shiga ko'ina sai N da P. Aka kira wani mai riwaya ya goge lambobin matsala da na'urarsa, motar ta tashi, ta yi kwana biyu, abin ya dawo. Aka sake gogewa, ya sake dawowa. A karo na uku aka ce masa babban batir ne ya mutu, ya fara neman kuɗin wani.

Ba abin mamaki ba ne a fara zargin batir. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, ba shi da fanka, zafi na cin sa da sauri, kuma duk mai irin motar a ƙasa mai zafi da wannan fargabar yake kwana. Sai dai tsohon batir zango yake ragewa. Motar da ta saba kilomita 120 ta koma 80, ta koma 60. Ba ya sa mota ta yi tafiya lafiya lau yau, a kashe ta, ta kulle kanta. Wannan halin na wani abu ne daban.

Ƙaramin batir tukuna

Kowace matsalar lantarki a motar lantarki daga batir mai bolt 12 ake fara ta. Shi ke tayar da kwamfutocin motar, shi ke jan manyan rile, wato makunnan da ke haɗa babban batir da sauran kayan. In ya yi rauni, kwamfutoci sukan rasa juna na ɗan daƙiƙa, su zubo lambobin da ba su da alaƙa da komai. Kuma tun da babu injin da zai yi nishi wajen tashi, babu abin da ke sanar da direba cewa batirin ya gaji.

Bayan motar ta kwana, mita ta nuna bolt 12.1 a kan tasoshinsa, maimakon kusan 12.6 na cikakken batir. Da aka danna maɓallin kunnawa ya faɗi zuwa 10.9. Aka sa sabo. Kafin a goge komai sai da aka ɗauki hoton dukkan lambobin, ta manhajar LeafSpy Pro da ƴar na'urar OBD ta Bluetooth. Wannan shi ne abin da aka yi ta asararsa a baya: duk gogewar da aka yi ba tare da rubutawa ba, an zubar da shaida ne.

Lambobin sun kasu biyu. Akwai U1000, ta katsewar magana tsakanin kwamfutoci, wadda ba ta sake fitowa ba bayan canjin ƙaramin batir. Sai P0AA6 da P31E7. Ta biyun ba ciwo ba ce, kulle ce: tana nufin kwamfutar motar ta hana sake tashi saboda wani abin da ta gani. Ta farkon ita ce abin da ta gani.

Manhajar ta kuma nuna halin babban batir. Ƙunshi 48 ne a cikinsa, kowane da ƙwaya huɗu, biyu-biyu a jere, wato hawa 96 ke nan. Jimillar ƙarfinsa lokacin bolt 379, kowane hawa kusan 3.95, tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa milibolt 18. Lafiyarsa kashi 70 cikin 100, daidai da sanduna taran da ke dashbod. Tsoho ne, amma ƙwayoyinsa a kai ɗaya suke, babu wadda ta zame daga ƴan'uwanta.

Abin da P0AA6 ke faɗa, da abin da ba ta faɗa

A motar fetur, bodin mota shi ne wayar dawowa. Ƙafar ragi (negatif) ta batir a jikin ƙarfe aka ɗaure ta. A babban layin motar lantarki, mai wayoyi ruwan lemo, ba haka ba ne. Ƙafar ƙari da ta ragi duk a rataye suke, babu wadda ta taɓa bodi. Abin da ya raba su da ƙarfen mota shi ne shinge: robar waya, fentin da ke kan naɗin kwayil, filastik ɗin soket, har da man da ke cikin kwamfiresa.

Hikimar ita ce, in shinge ya fashe a wuri ɗaya, wuta ba ta da hanyar zagayawa. Fis ba zai ƙone ba, mota za ta ci gaba da tafiya, wanda ya dafa ƙofa ba zai ji komai ba. Amma daga lokacin bodin ya zama wani ɓangare na babban layi. Fashewa ta biyu a ɗaya ƙafar, ko hannun makanike a kan tasha guda, shi ke rufe da'irar. Shi ya sa kwamfutar da ke kula da batir take auna ƙarfin shingen ba dare ba rana muddin motar na kunne. In ya sauka, lambar P0AA6 ke fitowa, amma ba ta kashe mota a tsakiyar titi, sai ta bari a tsaya sannan ta kulle.

Ƙa'idojin duniya, irin ISO 6469-3 da doka ta 100 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci, sun sa mafi ƙarancin shinge ya zama om 100 ga kowane bolt a layin DC, om 500 kuma a layin AC. Lissafin mai sauƙi ne. Om 500 ga kowane bolt na nufin ko mutum ya zama shi ne hanyar, abin da zai bi ta jikinsa ba zai wuce mili'amfiya 2 ba. A layin bolt 400, wannan kilo'om 200 ke nan. Kamfanoni sukan sa gargaɗinsu ya kama tun kafin a kai nan.

To ga inda aka yi kuskure tun farko. Na'urar awon a cikin akwatin batir take zaune, amma da zarar manyan rile sun haɗe, layi ɗaya ne tun daga ƙwayoyin batir har inbata (mai juya wutar DC zuwa AC), motar juya taya, caja, hita da kwamfiresar esi. Yoyon wuta a ko'ina cikinsu lamba ɗaya zai bayar. Fassarar lambar a yawancin na'urorin kasuwa tana ɗauke da kalmar batir, sai mai karatu ya ɗauka an nuna masa mai laifi, alhali an nuna masa mai kawo rahoto ne kawai.

Tsokano ciwon

Kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai tambayar da motar da kanta za ta amsa: yaushe yoyon ke fitowa? Aka killace wurin, aka goge lambobin, aka riƙa ba ta aiki ɗaya-ɗaya, babu wanda ke taɓa komai a ƙarƙashin bonet.

An danna maɓalli sau biyu ba tare da taka birki ba, yadda dashbod zai kama amma manyan rile su zauna a buɗe. Minti goma, shiru. An tayar da ita sosai, esi da hita a kashe, minti ashirin, shiru. An zaga da ita, ana taka ta da ƙarfi ana sakin totur don motar taya ta mayar da wuta cikin batir, shiru. An sa ta caji awa guda, an kunna hita zuwa ƙarshe, duk shiru.

Da aka kunna esi zuwa mafi sanyi, a minti na shida fitilar ta kama. Aka maimaita, ta kama a minti na huɗu.

Nan aka koma kan mai motar. "Alhaji, an taɓa esin nan kwanan nan?" Ashe mako uku kafin matsalar ta fara, wani bututu ya yi yoyo a gindin kwandensa, aka kai ta wajen mai gyaran esi na bakin hanya. Ya canja roba, ya zuba gas, ya ce ya ƙara mata ɗan mai don kwamfiresa ta ji daɗi. Bai ambaci wannan ba tun farko don bai ga abin da ya haɗa sanyi da ƙin tashi ba.

Abin da ya haɗa su yana cikin ginin kwamfiresar. A motar fetur, bel ke juya kwamfiresa daga waje, babu wuta a cikinta, man kwamfiresa na gama-gari da ake kira PAG ya yi mata. Ta motar lantarki kuwa tana da nata injin juyawa mai layi uku a cikin gwangwani guda da gas, da ƴar inbatarta manne a jiki. Gas da mai suna wanke naɗin kwayil ɗin kai tsaye, su suke sanyaya shi. Saboda haka man kansa shinge ne. Dole ya zama wanda wuta ba ta bin sa, galibi nau'in POE, wanda ND-11 ne sanannen misalinsa tun daga Toyota Prius. Man PAG na gama-gari yana shan danshin iska kamar gishiri da damina, kuma ba ya tare wuta yadda ake buƙata. Ba sai an zuba kwalba guda ba. Ragowar da ke maƙale a tiyon geji da aka cire daga wata motar, ko gwangwanin gas da aka gauraya da mai tun daga kamfani, ko kalar gano yoyo da aka narka a cikin PAG, kowanne yana iya ɓata tsarin.

Me ya sa sai esi na aiki? In kwamfiresa na tsaye, makunnan da ke cikin inbatarta a buɗe suke, kwayil ɗin a ware yake daga babban layi, na'urar awon motar ba ta ganin sa. Da ta fara juyawa, kwayil ya shiga layi, mai ya ɗumama ya bi ko'ina, shingen ya sauka. Wannan ne ya sa gogewa ke "gyara" motar na kwana biyu: da safe da dare mai ita ba ya kunna esi sosai.

Duk da haka zato ne har yanzu. Kwamfiresa ba araha ba ce, sai an auna.

Kashe babbar wuta

Wannan matakin ba na wanda bai samu horo ba ne, kuma ba a yin sa mutum ɗaya. Bolt 380 na DC yana iya kashe mutum.

Mota a P, an cire wayar caji, an kashe agogon caji da na sanyaya ɗaki don kada ta farka da kanta. An kashe ta, an kai makulli nesa, an ba ta minti biyar kwamfutocinta su kwanta, sannan aka kwance ƙafar ragi ta ƙaramin batir da sifana 10 aka naɗe ta da tef. Zobe, agogo da duk wani ƙarfe sun bar jiki. Safar hannu ta roba mai aji 0, wadda aka yi don bolt 1000, ana naɗe bakinta a matse iska a ciki a saurara ko akwai huda, sannan a ɗora ta fata a kai. Hudar da ido ba ya gani ta isa, musamman in hannu na gumi.

Filogin katse batir yana ƙasan mota ta ciki, a tsakiyar wurin ƙafar masu zaman baya, ƙarƙashin wani murfi. Aka zare shi, aka rufe raminsa da tef, wanda ke aikin ya ajiye shi a wurinsa. Ba a barin sa a kan kujera inda wani zai mayar da shi da kyakkyawar niyya. Filogin yana raba batir gida biyu ne kawai. Kowane ɓangare yana nan da wutarsa mai kisa a cikin akwati.

Sai jiran minti goma, domin manyan kafasitocin inbata su zubar da abin da suka riƙe. Aka ɗaga motar, aka cire murfin ƙasa, aka zare babban soket daga gaban akwatin batir. A ƙirar 2013 zuwa sama akwai ƙaramin soket na biyu a gefensa, na hitar ɗaki, shi ma aka zare. Da mita mai darajar CAT III ta bolt 1000 aka auna ɓangaren mota: ƙari da ragi, ƙari da bodi, ragi da bodi. An gwada mitar a kan ƙaramin batir kafin awon da bayansa, don mitar da wayarta ta tsinke ita ma sifili take nunawa. Duka ukun sun ba da ƙasa da bolt 1. Da ya haura 5, da an dakata.

Awo da mega

Mai riwayan farko ya ce ya auna kwamfiresar da mitarsa bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mitar hannu da ƴan bolt kaɗan take gwaji. Shingen da ke tare bolt 3 ba lalle ya tare 400 ba. Abin aikin nan mega ce, na'urar da ke harba babbar wuta don auna ƙarfin shinge, a kan bolt 500, ba 1000 ba, don kada a fasa kayan da ake son a gwada. Tsakanin tasha da bodi ake aunawa, ba tsakanin ƙari da ragi ba. Ba a kuma harba ta cikin akwatin batir yana haɗe da kwamfutarsa.

Wajen manna wayar bodi a nemi ƙarfe tsirara, ba mai fenti ko tsatsa ba, a tabbatar da shi da wani notin daban. Mugun manni yakan ba da kyakkyawan sakamako na ƙarya. Sannan a riƙe maɓallin minti guda. Kayan nan suna da ƙananan kafasitocin tace hayaniya tsakanin layi da bodi, adadin yakan fara ƙasa ya riƙa hawa har su cika. Wanda ya saki maɓalli a daƙiƙa ta uku zai yanke wa lafiyayyar inbata hukunci. Bayan kowane awo a bar megar ta sauke wutar da ta zuba kafin a cire wayoyi.

Tsarin shi ne a auna gaba ɗaya, a cire reshe guda, a sake aunawa. Layin hita shi kaɗai ya haura mega'om 200. Babban layi, wanda ya haɗa akwatin caja da ke saman tarin kayan gaba, inbata, motar taya da kwamfiresa, ya tsaya a 0.9. Aka zare soket ɗin kwamfiresa, ya tashi zuwa 60. Wayar kwamfiresar ita kaɗai ta wuce iyakar mitar, babu alamar cizon ɓera ko gogar ƙarfe, bakin soket ɗinta a bushe yake babu kore. Kwamfiresar kanta, daga kowace tasha zuwa jikinta, 0.9.

Za a iya tambaya, ta yaya mega ta ga kwayil ɗin da makunnai suka ware? Kowane makunni yana da dayod a gefensa. Da mega ta ɗaga layin zuwa bolt 500 a kan bodi, wuta ta bi ta dayod ta shiga kwayil, ta bi mai ta fita ta gwangwani. Abin da motar ba ta gani sai tana sanyaya, mega ta gan shi a tsaye.

Mega'om 0.9 bai kai ya kunna gargaɗi ba, amma a sanyin safiya aka auna. Aka mayar da komai, aka kunna esi har fitilar ta kama, aka sake bin matakan kashe wuta tun daga farko ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Ko da kwamfiresar ta samu fiye da minti ashirin tana hucewa, 0.28 ta bayar. Ana iya ƙiyasta inda take kaiwa tana tsaka da aiki.

Akwai abu guda da ke iya ruɗar wannan awon. In mota ta daɗe a ajiye cikin sanyi, gas yakan koma ruwa ya taru a cikin kwamfiresa, shingen ya sauka na ɗan lokaci, ya dawo bayan ta yi aiki. A nan akasin haka aka gani: aiki ne ke ƙara saukar da shi.

Da a ce batir ne

Da lambar ta fito tun kafin manyan rile su haɗe, ko tana bin ruwan sama da wankin mota, ko kuma duk rassan waje sun ba da adadi mai kyau, da ido ya koma kan akwatin. Motocin tokumbo da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, wasunsu ambaliya ce ta kai su can. Busasshen laka ƙarƙashin kafet da tsatsa a kan layin kujera sukan faɗi abin da takarda ba ta faɗa ba.

A cikin batir ba mega ake amfani da ita ba, shi ke da wutarsa. Ana auna bolt tsakanin kowace ƙafa da jikin akwati. A lafiyayyen batir adadin yakan riƙa zamewa ƙasa a hankali. In ya tsaya cak, akwai yoyo, kuma adadin kansa taswira ne. A ce an samu bolt 95 daga ƙafar ragi zuwa bodi, kowane hawa yana da 3.95. An raba, an samu 24. Yoyon yana kusa da hawa na 24, wato ƙunshi na 12 daga wannan ɓangaren. Sau da yawa ƙunshi ɗaya ne da ƙwayarsa ta tsiyayo ruwa, ko danshi a bakin soket. Ko a can ɗin ma, ba lalle sai an sayi akwatin da ya kusa kilo 300 ba.

Gyaran

An zuƙe gas ɗin cikin tulu daban, ba cikin injin da ake yi wa sauran motocin lantarki aiki da shi ba. Da kwamfiresar ta zama babu gas, awonta ya tashi zuwa mega'om 4. Aka sauke ta, aka tsiyaye manta cikin farin kofi. Kore-kore ne, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar gano yoyo. Ashe har kala aka zuba.

Hanya biyu ce. Ko a yi ta ɗauraye kwamfiresar da sabon POE ana juya ta ana zubarwa, ko a canja ta. Ɗaurayewa takan yi aiki in an kama abin da wuri. Wannan ta yi makonni tana gasuwa cikin gurɓataccen mai, kuma bayan ɗauraya uku ba ta wuce mega'om 7 ba alhali a bushe take. Da an mayar da ita, da gas da zafi sun sake janyo ta ƙasa. Aka canja. Wanda zai sayi ta hannu ya tafi kasuwa da megarsa, ya auna kafin ya biya, kuma kada ya karɓi wadda aka bar bakunanta a buɗe, don man POE ma yana shan danshi.

Sabuwar kwamfiresa a kan tsohon tsari asarar kuɗi ce, tun da mafi yawan man ba a cikinta yake ba, ya bazu. Kwandensar zamani ƙananan hanyoyi ne da ita jere da juna, ruwan wanki yakan bi buɗaɗɗun ya bar sauran, saboda haka canja ta aka yi tare da matatar danshi. An canja bawul ɗin da ke fesa gas da dukkan robobin mahaɗa, ana shafa musu sabon man kawai. Bututai da ibaforeta, mai sanyaya iska a cikin dashbod, aka wanke su da ruwan wankin esi, aka hura su da naitirojin har suka bushe. Iskar kwamfiresar gareji ba ta yi a nan, ruwa take ɗauke da shi.

Sabuwar kwamfiresa takan zo da manta a ciki. Tun da an wanke tsarin gaba ɗaya, an daidaita jimillar da abin da littafin motar ya ce, ba a ƙara ko ɗigo a kai ba. Mai da ya yi yawa sanyi yake ragewa. Nau'in man da nauyin gas R134a suna rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, kuma a Leaf ya bambanta tsakanin ajin S da manyan ajin da ke ɗumama ɗaki da tsarin esi, saboda haka takardar motar ake bi, ba abin da aka tuna ba.

An cika tsarin da naitirojin zuwa matsin bar 10, aka bar shi rabin awa, allura ba ta motsa ba. An zuƙe iska minti 45 har mitar ta sauka ƙasa da maikron 500 na ragowar iska, aka rufe, aka jira minti goma sha biyar. A wannan halin ba a kunna kwamfiresa, ba a kuma harba mata mega. Wuta ta fi saurin tsallaka wurin da aka zuƙe wa iska, ana iya ƙona sabon kwayil kafin ya yi aikin minti ɗaya. Gas da sikeli aka zuba shi, daga tulun da babu mai a cikinsa, ta sababbin tiyo da aka ware don motocin lantarki kaɗai.

Kafin a mayar da wuta an duba abu guda da ake yawan mantawa: haɗin jikin kwamfiresa da bodin mota. Ƙa'ida ta ce kada ya kai om 0.1. In jikinta bai manne da bodi sosai ba, yoyon gaba na'urar motar ba za ta gan shi ba, hannu ne zai fara gano shi. An goge mazaunin notunan, an ɗaure su da sifanar awo. Ƙugiyar kulle ta soket ɗin kwamfiresa ta tsage tun aikin baya, aka canja ta, domin soket ruwan lemo yakan zo da ƴar da'irar tsaro da ke gaya wa kwamfuta a rufe yake, kuma in ya yi sako-sako wata sabuwar lambar zai haifar.

Da gas a ciki, sabuwar kwamfiresar ta ba da mega'om 45. An mayar da soket biyun na batir, filogin katsewa, sannan ƙaramin batir a ƙarshe. An goge lambobi, koriyar fitila ta fito, mita ta nuna bolt 14.1 a kan ƙaramin batir, alamar na'urar da ke cajinsa daga babban layi tana aiki. An bar esi a mafi sanyi minti 40 a rana, iskar bakin dashbod ta sauka zuwa digiri 7. An sake kashe wuta aka auna ta da zafinta, 22. Kwana uku ana zagayawa da ita, ana caji, ana kashewa ana tayarwa, babu lamba ko ɗaya.

Ban da bututai, ibaforeta ce kaɗai tsohon kayan da ya rage, kuma wanki ba ya fitar da komai daga lungunanta. An rubuta adadin biyu, 45 da 22, a takardar motar, an manna gargaɗin nau'in mai kusa da bakin zuba gas, an ce a dawo da ita bayan wata guda a sake aunawa a sanyi da zafi. In adadin ya zauna kusa da inda yake, an gama. In ya faɗo zuwa ƴan mega'om kaɗan, ragowar PAG ce ke fitowa, za a zuƙe gas, a canja mai da matatar danshi, a ciro dashbod a canja ibaforetar.